Kafin A Nemo Iri, A Gyara Wa Saniya Makwanci

A ƙauyukan Gwarzo da Kabo, duk mai sha'awar kiwon madara maganar iri ce a bakinsa. So yake Bunajinsa ta haifo masa ruwa-biyu da Firiziyan, irin haɗin da cibiyar NAPRI ta Shika ta daɗe tana yi, shirin KSADP na Jihar Kano da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa ma ya ƙarfafa baye ta hanyar allura. Madalla. Sai dai ba kasafai ake tambayar inda saniyar za ta kwana ba.

Wanda ya samu 'yan kuɗi sai ya gina mata ɗakin bulo, rufin kwano ƙasa-ƙasa, taga ɗaya kamar ta shago. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 a wannan yanki, ita kuwa Firiziyan asalinta ƙasar Holan ce, da zafi ya haura 25 ta fara wahala. Sai ta tsaya baki buɗe tana haki, yawu na dalala, ta ƙi dusa, ta rage tuƙa. Da safe ƙwarya ba ta cika ba, a ce ai baki ne ya kama ta.

Daɓen ma haka. Saniya mai tatsa tana son kwanciyar wajen awa 12 a rana, tana tuƙa a natse. In siminti ne tsura ko caɓin damina gauraye da fitsari, tsayuwa za ta yi har kofato ya ruɓe, in kuma ta kwanta hantsa ta kwashi ƙazanta ta kumbura. Bafulatani ya san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa yake ɗage garke da zarar wuri ya jiƙe. Mai turke a gida ba shi da inda zai ɗaga, dole ya yi gangare da magudana, ya zuba yashi busasshe, ya riƙa kwashe taki kullum, wanda dama gona na jiransa.

Rumfa mai tsawo, buɗe ta kowane gefe, da kara ko zana a ƙarƙashin kwanon, ta fi bulo araha. Tsawonta ya miƙe gabas da yamma don inuwa ta wuni a ciki, gefen iska a kare shi da zana lokacin hunturu saboda maruƙa. Komin ruwa kada ya bushe, ko da daga dam ɗin Guzuguzu za a jido.

Malaman gona da ke zuwa yin allurar baye, don Allah su fara leƙa makwancin tukuna.