Da Wa Kake Yaƙi A Filin Jirgin Toronto?

 

Ya 'yan uwana matasa, wani tsohon ɗalibina ne ya kira ni daga Toronto ranar da ya sauka Kanada da takardar izinin zama na dindindin. Na yi masa murna ƙwarai, domin ni ba na cikin masu ganin duk wanda ya ƙetare teku ya sayar da addininsa. Ƙasar Allah mai faɗi ce. Sai dai murnar ba ta yi nisa ba, ya ce da ni yana dariya: "Malam, ai mun ci su da wayo."

Ga wayon. Ya nemi zaman ne ta tsarin Express Entry da Kanada ta buɗe a 2015, inda ake tara maki bisa shekaru da ilimi da iya harshe da gogewar aiki. Sharaɗi ne irinsa ya nuna kuɗin da zai riƙe kansa, kuma kada su zama na rance. Shi kuwa aro ya yi wajen wani ɗan kasuwa, ya kwantar a asusunsa, bukata ta biya ya mayar. Sannan wani dillali ya ce masa aure zai rage masa maki, sai ya rubuta cewa ba shi da iyali, alhali ni na halarci ɗaurin aurensa, na ci naman sunan 'yarsa. A filin jirgi jami'i ya sake tambayarsa, ya maimaita, ya sa hannu.

Da na ce masa ya ji tsoron Allah, sai ya kawo mini hujjar da na gaji da ji a bakin samari: wai ai ba Musulmi ba ne, kuma yaƙi ɗan zamba ne. Subhanallah! Wane yaƙi? Kai ka bi layi, ka dangwala yatsu, ka je likitansu ya auna ka, ka roƙi su buɗe maka ƙofa, suka buɗe. Wannan a fiƙihu sunansa aminci, kuma malamai, cikinsu har da Ibn Ƙudama a littafinsa Al-Mugni, sun yi bayani cewa wanda ya shiga ƙasar wasu mutane da amincinsu haramun ne ya ha'ince su, domin ba su amince masa ba sai bisa sharaɗin ba zai cuce su ba, ko da ba a furta sharaɗin ba.

Kuna kiran tafiyarku hijira, to ku dubi masu hijirar gaskiya. Annabi (SAW) ya bar Makka ana farautar ransa, amma ya tsayar da Sayyidina Aliyu (RA) ya mayar wa mutanen garin kayan da suka ba shi ajiya. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ya tsaya gaban Najjashi a Habasha, aka tambaye shi game da Annabi Isa (AS), ya faɗi abin da ya yi imani da shi, alhali amsar tana iya jawo a miƙa su ga Ƙuraishawa. Mugira ɗan Shu'uba (RA) ya zo da dukiyar da ya samu ta hanyar yaudara kafin ya musulunta, Annabi ya karɓi musuluncinsa, ya nisanta kansa daga dukiyar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne baiwar Allah da aka bari a gida. A ƙa'idar Kanada, iyalin da mutum ya ɓoye lokacin neman zama ba ya da damar ɗauko su daga baya, kuma idan ƙaryar ta tonu ana iya ƙwace izinin, a hana shi shiga shekara 5. Wato da alƙalaminsa ya shafe matarsa da 'yarsa, ita kuwa tana can tana ɗinka kayan sanyi, tana gaya wa ƙawayenta baɗi za ta bi shi.

Na ce masa ya nemi lauya mai lasisi a can, ya gaya masa gaskiya duka, kuma kafin wannan ya kira matarsa ya faɗa mata abin da ya rubuta. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Malam, zan sake kira." Yau mako uku ke nan, ita kuma jiya ta aiko ƙaninta yana tambayata ko na san takardun da ya kamata ta fara haɗawa.