Bature Na Kwana A Hanya Don Nishaɗi, Mu Fa?



Kwanakin baya a shagon Baba, wani abokina ya nuna min bidiyon wani Bature da matarsa. Sun taso a mota daga Fotugal, suka ratsa Sifen da Faransa har Italiya, duk inda dare ya yi musu sai su kafa tanti su kwana. Abokina ya ja tsaki, ya ce rashin aikin yi ne. Ni kuwa wallahi sha'awa suka ba ni.

Ai wannan gadonmu ne. Fatake sun yi ta kai da kawowa tsakanin Kano da Gwanja da jakunansu wajen fataucin goro, tafiyar wata da watanni, madugu na gaba, inda rana ta faɗi a ya da zango. Da haka aka samu unguwannin zango a Kumasi da Salaga. Garin nan ma da muke zaune, mutanen Zazzau ne suka taso suka kafa shi a 1828, zamanin Sarki Abu Ja.

Baba kan ba mu labarin lokacin da yake ɗauko hatsi daga Dawanau. Idan direba ya gaji, sai su tsaya a Mararrabar Jos ko Tafa, su sha shayi, su shimfiɗa tabarma gefen mota har asuba. Sauro kaɗai suke tsoro.

To a 2021 kakarmu ta rasu a Katsina. Labari ya iso bayan la'asar, Baba ya ce babu mai hawa hanyar Kaduna da dare saboda masu garkuwa da mutane. Muka kwana a Suleja. Kafin mu isa an riga an kai ta makwancinta. A watan Maris na 2022 kuma aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. Yanzu an samu sauƙi, amma har yau Baba ba ya barin magariba ta same mu a hanya.

Saboda haka ni a ganina Baturen nan ba da tanti ko mota ya fi mu ba, da amincin hanya ya fi mu. Idan 'yan siyasa suka zo da shinkafa da atamfa, mu tambaye su yaushe ɗan kasuwa zai sake kwana a hanya hankalinsa kwance.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.