Katin mai cike gurbi da abin da kasuwa ta manta

A watan Agustan 2022 aka yi gwanjon katin Mickey Mantle, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952, a kan dala miliyan 12.6. Irin wannan labari ya sa ake ɗaukar tara katunan 'yan wasan besbol na Amurka tamkar sayen hannun jari. Sai dai akwai masu tarawa da suka bar taurari, suka koma neman katin farko na 'yan cike gurbi, waɗanda ake tura su duk inda aka samu giɓi a fili. Zaɓin nan nasu ya fi ma'ana.

César Tovar, ɗan ƙasar Benezuwela, ya buga duka gurabe tara a wasa ɗaya wa ƙungiyar Minnesota Twins a 1968. Katinsa na farko, na 1965, ba nasa ba ne shi kaɗai, ya raba fuskar katin da Sandy Valdespino, kuma kuɗinsa bai kai ya hana mai albashi barci ba.

Labarin Al Weis ya fi fito da rashin adalcin kasuwa. Shi ne ya doka ƙwallon da ta tsallake katanga, ya mayar da wasa na biyar na gasar World Series ta 1969 kunnen doki, ranar da New York Mets ta lashe kofin. Katinsa na farko, na 1963, yana da tsada ƙwarai, amma don hoton Pete Rose da ke kai. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko.

Masu suka na cewa katin ɗan cike gurbi ba ya kawo riba. Gaskiya ne, kuma mai neman riba gara ya nufi wata kasuwa. Amma farashi shahara yake aunawa, ba gudummawa ba. Idan kowa ya bi farashi, tarihin wasan zai taƙaita ga mutum goma sha, a manta da ɗaruruwan da ƙungiyoyi suka jingina da su duk ranar da tauraro ya ji rauni. Wanda ya adana katin Tovar sai ya binciki wane ne Tovar, kuma wannan binciken ne ribarsa.