Kunne Ma Kayan Aikin Kimiyya Ne

A mafi yawan makarantunmu na sakandare, darasin rarrabe halittu ba ya wuce allo. Ɗalibi zai haddace cewa nau'i shi ne rukunin halittun da ke iya hayayyafa a tsakaninsu, ya rubuta a jarrabawa, ya ci maki, alhali bai taɓa ganin inda iyakar nau'i ɗaya take da wani ba. Ga shi kuwa misalin yana shawagi a bisa gonakin Birnin Kudu da Gwaram duk damina.

Akwai wasu 'yan tsuntsayen ciyawa da masana ke kira Cisticola, dangi mai nau'i kusan 50, galibinsu a Afirka. Biyu daga ciki, watau Cisticola juncidis da Cisticola aridulus, sun isa darasi. Tsawon kowanne bai fi santimita 10 zuwa 12 ba, dukkansu masu launin ƙasa ne da zane-zanen baƙi a baya, abincinsu kuma ƙwari. Juncidis ya fi cizawa a launi, aridulus ya ɗan koɗe, bindinsa ya fi duhu. Amma wanda ya dogara da ido kaɗai, tsuntsu na tsalle cikin ciyawa, lalle zai sha ruɗu. Rafinesque ya bayyana na farko a 1810, sai a 1900 Witherby ya bayyana na biyu daga Sudan. Danginsu sun daɗe suna wahalar da masana, har Hubert Lynes, wani hafsan sojan ruwan Ingila, ya buga babban nazarinsa a kansu a 1930.

To, kama da wane ba ta wane. Namijin juncidis yakan tashi sama yana lilo, duk lilo ɗaya ya saki ƙara ɗaya, "zit", kimanin sau ɗaya a daƙiƙa. Aridulus kuwa yakan jero siririyar ƙara, sa'an nan ya haɗa da kaɗa fukafukai, ƙas-ƙas, abin da juncidis ba ya yi. Wannan kuka ba ado ba ne. Da shi namiji ke shelar yankinsa, da shi kuma mace ke gane nata, saboda haka yana cikin shingayen da ke hana nau'o'in biyu cuɗanya. Mazauninsu ma ya bambanta: juncidis ya fi son ciyawar fadama da gonakin shinkafa, aridulus kuma busasshiyar jigawa mai gajeriyar ciyawa. Juncidis yakan ɗaure ganyen ciyawa da saƙar gizo-gizo ya yi sheƙa mai baki a sama, ta aridulus kuwa bakinta a gefe yake.

Za a ce babu madubin hangen nesa, babu kuɗin mota. Uzurin bai karɓu ba a nan, domin aikin na kunne ne, fadama kuma da ƙafa ake zuwa. Abin da ke da wuya shi ne lokaci. Tsuntsayen sun fi kuka da damina, sa'ad da makarantu ke dogon hutu, don haka malamin da ya bari watan Satumba ya wuce, har ciyawa ta bushe aka fara cinna wa daji wuta, sai ya jira baɗi. Ya kamata a fita da sassafe cikin makonnin farko na zangon karatu, kowane ɗalibi da littafinsa, ya rubuta irin ƙarar da ya ji, da inda ya ji ta, da tsawon ciyawar wurin.