Hannu Kafin Allura: Raddi ga Mai Cewa Magani Ne Ke Tayar da Zuciyar da Ta Tsaya

 

Wani yayana a aikin jinya a nan Maraɗi ya yi jawabi a zaman ma'aikatan lafiya, daga baya ya rubuta shi ya rarraba mana. Taƙaicen maganarsa shi ne: tunda ƙananan asibitocin karkara, irin na yankin Tibiri da Jiratawa, ba kowanne ke da na'urar girgiza zuciya da lantarki ba, to a cika akwatunansu da allurai, a daina ɓata lokaci wajen koya wa jama'a danna ƙirji, domin a ganinsa allura ce ke tayar da zuciyar da ta tsaya. Ba zan ambaci sunansa ba, don da hujjarsa nake magana, kuma ya girme ni a shekaru da aiki. Sai dai batu ne na rai, kuma na ji ɗalibai sun fara maimaita shi. Zan bi maganar gaɓa-gaɓa, in faɗi inda ya dace, in faɗi inda ya kauce.

Gaɓa ta farko. Ya ce: “Adiranalin ita ce ke tayar da zuciya. Da idona na ga bugu ya dawo bayan an yi ta.”

Na ce: ban ƙaryata idonka ba, Yaya, amma mu duba aikin maganin. Adiranalin tana tsuke jijiyoyin jini na sassan jiki, don ɗan jinin da ake turawa ya fi karkata zuwa ga tsokar zuciya. To wa ke tura jinin alhali zuciya ta tsaya? Hannun mai dannawa. Manomin Jiratawa ya san cewa idan ya zuba taki a magudana alhali injin ban-ruwa a kashe yake, takin nan ba zai isa fangali ba. Haka allurar da aka yi a jijiyar hannu take zama inda aka zuba ta in babu mai danna ƙirji.

Sa'an nan dawowar bugu daban, komawa gida da hankali daban. A 2018 aka fitar da sakamakon babban binciken PARAMEDIC2 na Birtaniya, a kan mutum 8,014 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti. Aka ba rabi adiranalin, rabi ruwan gishiri, dukansu kuma ana danna musu ƙirji. Bugu ya dawo ga kashi 36 cikin 100 na masu adiranalin, da kashi 12 na sauran. Wannan shi ne abin da ka gani da idonka. Amma bayan kwana 30, masu rai kashi 3.2 ne a nan, 2.4 a can. Waɗanda suka tsira da lafiyayyar ƙwaƙwalwa kuwa kashi 2.2 ne da 1.9, tazarar da masu binciken suka ce ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Maganin yana da amfani, amma amfaninsa kaɗan ne, kuma a kan dannawa aka same shi.

Gaɓa ta biyu. Ya ce: “Inda babu na'ura, amiyodaron ko lidokayin sa tsaya a madadinta.”

Na ce: nan ne kuskure mafi haɗari. Tsayawar zuciya iri biyu ce. Akwai wadda zuciya ke makyarkyata, ko take gudun da ba ya fitar da jini. Kowane sashe na tsokarta yana motsi a lokacin da ya ga dama, kamar makaɗa goma kowa da nasa kiɗan. Girgizar lantarki tana tsayar da su duka lokaci guda, sai mai ba da kiɗa na asali a cikin zuciyar ya sake kama ragama. Ita kaɗai ce abin dogaro wajen yanke wannan makyarkyata. Shi ya sa ƙa'idar farfaɗowa ta ajiye amiyodaron sai bayan girgiza ta uku, miligiram 300, daga baya a ƙara 150. Ɗan rakiyar na'ura ne, ba ya zuwa shi kaɗai.

Ko a wannan matsayi ƙarfinsa da iyaka. Binciken da aka buga a 2016, a kan mutum 3,026 a Amurka da Kanada waɗanda aka riga aka girgiza zuciyarsu ta ƙi daidaita, ya nuna waɗanda suka fita asibiti da rai: kashi 24.4 da amiyodaron, 23.7 da lidokayin, 21 da ruwan gishiri. An fi ganin amfanin magungunan ga waɗanda suka faɗi a gaban mutane, wato waɗanda aka kai wa ɗauki da wuri. Masu kallon ƙwallo sun shaida amfanin ɗauki da wuri ranar 12 ga Yuni 2021, sa'ad da ɗan wasa Christian Eriksen ya faɗi a fili a Kofenhagen. Aka danna ƙirjinsa nan take, aka girgiza zuciyarsa sau ɗaya, ya farfaɗo, har ya koma buga ƙwallo a 2022.

Iri na biyu shi ne wanda layin na'ura ke miƙewa ɗoɗar, ko ake ganin motsin lantarki amma babu bugu. A nan girgiza ba ta da amfani, kuma a nan ka yi gaskiya: a gaggauta adiranalin, miligiram 1, a maimaita duk minti 3 zuwa 5, ana ci gaba da dannawa. Amma ta yaya za ka san iri na farko ne ko na biyu in babu na'urar da ke karanta zuciyar?

Gaɓa ta uku. Ya ce: “A zuba duk abin da ke akwati, atirofin da bikabonat da kalsiyam. Ko ba su yi amfani ba, ba za su cutar ba.”

Na ce: wannan koyarwar dā ce, an bar ta bisa dalili. Tun 2010 aka cire atirofin daga jerin magungunan zuciyar da ta tsaya cik. A Danmak, a 2021, an dakatar da binciken kalsiyam tun bai kai ƙarshe ba, saboda bugu ya dawo ga kashi 19 na waɗanda aka ba shi, da kashi 27 na waɗanda ba a ba ba. Akwai kuma cutarwar da ba a lissafawa: a ƙaramin asibitin da majo ɗaya ke tsaron dare, duk kwalbar da ya tsaya fasawa hannunsa ne ya bar ƙirji.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana da gurbinsa, kuma gurbin yana nan a ƙasarmu. Atirofin shi ne maganin manomin da gubar feshin ƙwari ta kama a gonar rani, ya zo da dalalar miyau, ƙwayar ido ta tsuke, bugu ya yi sanyi. Kalsiyam na mai ciwon ƙoda ne da fotasiyam ya yi wa yawa a jini. Wanda kwalara ta tsotse, irin wadda ta ɓarke a gundumar Madarumfa a 2018, ƙarin ruwa yake buƙata da gudu. Mai haihuwar da jini ya ɓalle mata, a tsayar da jinin a ƙara mata wani. Malamin jinya na ƙwarai yana dannawa yana tambayar me ya tsayar da wannan zuciyar, sai ya ɗauko maganin da ya dace da dalilin.

Gaɓa ta huɗu. Ya ce: “Koya wa talakawa danna ƙirji karya haƙarƙari ne da wulaƙanta gawa. Su ɗauko shi su kawo mana.”

Na ce: ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 bayan jini ya daina isa gare ta, kuma duk mintin da ya wuce babu ɗauki, damar tsira tana raguwa da kashi 7 zuwa 10. Daga Tibiri zuwa Maraɗi wajen kilomita goma ne. Kafin a samo mota ko kabu-kabu, a keta cunkoso, a nemo jijiya, wa allurar za ta tarar? Tun 1960 Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, a Jami'ar Johns Hopkins, suka nuna cewa hannu biyu sun isa su riƙe gudun jini. A kwantar da mutum a ƙasa mai tauri, a ɗora dunduniyar hannu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, a riƙa karɓar juna duk minti 2, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 18.

Haƙarƙari yakan karye, gaskiya ne, amma yana haɗewa cikin makonni. Batun gawa kuma, wanda ya yanke jiki ya faɗi yanzu-yanzu yana kakari bai zama gawa ba tukuna. Mu mukan ɗauki kakarin nan gargara, mu yayyafa ruwa, mu ja mayafi. Babu abin da ya hana ɗaya ya riƙa laƙƙana masa kalmar shahada, ɗaya yana danna ƙirjinsa. Ajali a hannun Allah yake, riƙo da sababi kuma a wuyanmu yake. Da yawa ba za su tashi ba ko an yi komai daidai, amma wanda zai tashi, cikin mintocin farko ake samunsa.

Hukuncin da na fitar shi ne: ka yi daidai da ka nemi kada a rasa adiranalin a kowane asibiti, ka yi kuskure da ka sa ta a gaba. Jerin shi ne hannu, sai na'ura, sai allura, tare da neman dalili. Ina roƙon malaman lafiya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su fito da ɗalibansu su koyar da danna ƙirji a makarantu da masallatai da tashoshin mota. Ina roƙon alhazan Maraɗi da suka saba gina rijiya da masallaci su sa na'urar girgiza zuciya mai sarrafa kanta cikin sadakarsu mai gudana, a babbar kasuwa, da filin kokawa, da asibitocin Tibiri da Jiratawa. Kai kuma, Yaya, ɗalibai suna jin maganarka fiye da tawa. Ka koya musu su durƙusa su danna kafin su miƙa hannu ga akwati. Allah Ya sa mu dace.