Wuta a Hannun Yaro, Hukuma Ta Toshe Kunne

Ya ku 'yan'uwa na rassan jam'iyya, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, har da na Tasawa, Madawa, Birnin Ƙonni da Magarya! Maganarmu ta yau a kan wani abu ce wanda manya suka ɗauka wasan yara ne, alhali kuwa rumbun talaka da idon ɗansa ne a cikinsa.

Kowa ya san abin da ke faruwa a dararen biki, ko na Salla, ko na 18 ga Disamba, ko na shiga sabuwar shekarar Nasara. Da an idar da sallar lisha sai unguwa ta ɗauki ƙara sai ka ce yaƙi ake yi. Yara, waɗansu ba su kai shekara 10 ba, suna yawo da aljihu cike da 'yan ƙunshin fashewan nan da masu jin Faransanci ke kira petar. Su ƙyasta ashana, su jefa cikin lungu, su jefa bayan zana, su jefa ƙarƙashin jaki ko tsakanin mata masu tuya. Mara lafiya ba ya barci, jariri yana firgita, tsoho yana salati, yara kuwa suna dariya don ba su san abin da suka riƙe ba.

To, bari mu faɗi abin da suka riƙe. Albarushi ne, ɗan'uwan wanda maharba ke ɗura wa bindiga, waɗansu ma an haɗa su da garin ƙarfe wanda ya fi shi ƙarfin fashewa. An naɗe shi cikin takarda, an sa masa ɗan lagwani mai cinyewa cikin 'yan daƙiƙu. In lagwanin ya yi sauri, ya fashe a hannu. In ya yi nawa, yaro ya koma ya ɗauka ya duba, ko ya hura, sa'an nan ya tashi a fuskarsa. Yatsan da ya tsinke ba ya tsirowa, idon da ya tsiyaye babu likitan da zai mayar da shi.

Sa'an nan ku dubi lokacin da ake wannan wasa. Watan Disamba tsakiyar hunturu ne. Kaka ta wuce, hatsin shekara yana cikin rumbu, harawa da kara suna jibge bisa rufi, zana ta bushe ƙamas, iska tana kaɗawa dare da rana. A 2024 da 2025 kuma Ƙaramar Salla cikin zafin bazara ta faɗo, lokacin da ko tartsatsin murhu ake tsoro. A bakin hanya ga 'yan ruwa-ruwa sun jera kwalaben mai. A irin wannan wuri ne muka bar yaro yana jifa da wuta.

Mu mutanen ƙasar nan ba baƙin gobara ba ne. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012. Ran 13 ga Afrilu 2021 yara 20 suka rasu cikin azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, ran 8 ga Nuwamba na wannan shekara kuma fiye da 20 suka rasu haka nan a Maraɗi. Allah ya ji ƙansu. Ba mu ce petar ce ta tada waɗannan gobara ba. Mun tuna da su ne domin kowa ya san yadda zana ke cin wuta, da yadda take rufe ƙofa kafin a kawo guga ɗaya na ruwa. Wanda kuma yake son ya ga aikin petar kanta, sai ya tambayi fatakenmu masu zuwa Ikko. Ran 26 ga Disamba 2012 wani ɗakin ajiyar wannan kaya ya fashe a kasuwar Jankara, gine-gine suka ƙone, aka yi hasarar rai, mutane da yawa suka ji rauni. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Har wa yau akwai maganar tsoro. Tun watan Fabrairu 2015 da aka kai hari Difa da Boso, ƙarar fashewa ta daina zama abin dariya a Nijar. Tun 2019 dubban 'yan'uwanmu daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka ƙetaro cikin jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Matar da ta baro garinsu da tsakar dare da goyo a baya, me kuke tsammani take ji in abu ya fashe a ƙofar ɗakinta? Kuma ranar da mugu zai harba bindiga ta gaskiya a daren biki, wa zai rarrabe ƙararta a cikin wannan hayaniya?

Yanzu mu zo kan masu riƙe da doka. Sau nawa aka yi shelar hani, a nan da ƙetaren iyaka, in biki ya gabato? A karanta a rediyo, a ce wanda aka kama zai gamu da hukunci. Kashegari ka shiga kasuwa, ga kayan nan a faifai, a tebur, kusa da alewa da balan-balan, ana ciniki a fili da rana tsaka. Shelar ta tsaya a rediyo, ba ta sauko kasuwa ba.

Ashe ɗan sandan da yake gane ɗan kabu-kabu marar takarda tun daga nesa, shi ne ba ya jin ƙarar da ta hana unguwa barci har asuba? Ashe wanda yake iya kwashe tiren mai goro don ya zauna bakin hanya, shi ne ba ya ganin kwali-kwalin albarushi a rumfa? Haba! Ido yana nan, kunne yana nan. An dai zaɓi wanda za a gani ne.

Wannan kaya ba daga sama ya faɗo ba, ba kuma a Gobir ko Katsinar Maraɗi ake yinsa ba. Galibinsa daga ƙasar Sin yake fitowa, ya haye teku, ya hau mota. Ko ta Ɗan Isa ya shigo, ko ta Ƙonni, ko ta Magarya, ko ta Gaya, sai ya bi ta gaban duwan da shingayen jandarma da na 'yan sanda. Mai buhun gero yana sauka a kowane shinge ya yi bayani. Ta yaya kwalin albarushi ke wucewa? Muna son amsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Iyayenmu sun san zamanin da doka take ta kumandan, gardi yana zuwa ƙauye don haraji da aikin tilas kaɗai, har aka soke aikin tilas a 1946. Da aka yi shelar Jamhuriya ran 18 ga Disamba 1958, aka karɓi 'yanci ran 3 ga Agusta 1960, alkawarin shi ne mai kaki zai zama mai tsaron talaka. Dokar da take da ƙarfi wajen karɓa, ta rasa ƙarfi wajen tsarewa, ragowar mulkin mallaka ce, ko da ɗan ƙasa ne ya sa kakin. Abin kunya ne a ce daren da muke murnar Jamhuriya shi ne daren da talaka ke kwana da guga a gindin rumbunsa.

Waɗansu za su ce, “A bar yara su yi murna, ai ko a hawan Salla ana harba bindiga.” Gaskiya ne ana harbawa. Amma manya ne ke harbawa, waɗanda suka san aikin, a fili, a gaban sarki, da rana. Ba wanda ya taɓa miƙa wa ɗan shekara 8 bindigar ya ce ya shiga lungu da ita. Murnar Salla kuwa tun kaka da kakanni tana nan: sabuwar riga, kiɗa, ziyara, tuwon Salla, hawan doki. Ba ta taɓa bukatar albarushin ɗan kasuwa ba. Mu ma iyaye da laifinmu. Kuɗin barka da Salla da muke ba yaro, shi ne yake kai wa mai tebur, ya ƙone cikin daƙiƙa, ribar ta tafi ƙetare, hayaƙin ya rage mana.

Kada kuma wani ya juya maganarmu. Ba mu nemi a bi yara da bulala ba, ba mu nemi a cika komisariya da 'yan talla ba. Yaro da mai faifai su ne wutsiya. A kama kan, watau mai shigo da kayan da mai ɗakin ajiya.

Saboda haka ga aikin da ke kan kowane reshe kafin biki mai zuwa. Na farko, a zauna da mai unguwa da liman da sarkin kasuwa, a yi magana a masallaci da wurin taro. Na biyu, a san rumfuna da ɗakunan da ake tara wannan kaya, musamman na kusa da masu mai da masu zana. Na uku, a rubuta takarda zuwa ga magajin gari da kwamishinan 'yan sanda, mutum uku su kai da hannunsu, a sa kwanan wata, a ajiye kwafi a wurin magatakardan reshe. Na huɗu, in an yi gobara ko rauni, a kira 18 don masu kashe gobara, 17 don 'yan sanda, a rubuta lokacin da aka kira da lokacin da suka iso. Kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa, kada a fasa rumfar kowa. Abin da kuka gani ku aiko mana, za mu buga shi yadda yake, inda aka yi aiki mu yaba, inda aka yi barci mu faɗa.

A karanta wannan takarda a taron reshe, a karanta wa wanda bai iya karatu ba, a miƙa ta gaba.

Allah ya tsare rumbun talaka. Nijar ta ɗore!