NAZARI: Yadda ake auna haɗarin busasshen rafi, da darasin da Mokwa ta bari

Da asubahin Alhamis, 29 ga Mayu, 2025, ambaliya ta afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a garin Mokwa da ke Jihar Neja. Cikin kwanakin farko hukumomi suka tabbatar da mutuwar fiye da mutum 150, ban da ɗimbin waɗanda suka ɓace.

Da farko an zargi madatsun ruwa na Kainji da Jebba. Sai dai Ministan Albarkatun Ruwa, Joseph Utsev, ya ce ba daga can ruwan ya fito ba. A cewarsa, mamakon ruwan sama ne ya cika wani reshe na Kogin Dingi da ke zama a bushe kusan duk shekara, alhali gine-gine sun tare masa hanya. Rahotanni kuma sun nuna cewa ruwan ya taru a bayan tudun layin dogo kafin ya ɓalle.

Kowace shekara Hukumar Kula da Yanayin Koguna ta Ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya mai lissafa jihohi da ƙananan hukumomi da garuruwan da ke cikin haɗari. Hasashen na da amfani, amma ba ya nuna wa magidanci ko filin da ya saya yana kan hanyar ruwa. Na'urorin auna ruwa galibi a kan manyan koguna suke, irin su Neja da Binuwai. Ƙaramin rafi ba shi da rubutaccen tarihi, don haka dole a ƙiyasta ƙarfinsa ta wata hanyar.

Injiniyoyi kan fara da auna faɗin ƙasar da ke zubo ruwa cikin rafin, sannan su duba ruwan sama mafi ƙarfi da yankin kan samu. Idan aka yi ruwan milimita 100 a kan murabba'in kilomita 10, lita biliyan ɗaya ce ta sauka. Ƙasa mai itatuwa da ciyayi kan shanye kaso mai yawa. Inda aka sare daji, aka cika gari da kwano da siminti, yawancin ruwan kan gangara rafi cikin ƙanƙanin lokaci.

Daga nan sai a auna zurfin rafin da gangarensa da duk wata matsattsar mashiga, kamar gada da kwalbati. Nan ne ƙiyasi ya fi kuskure, domin lissafin kan ɗauka cewa kwalbatin a buɗe yake. Da zarar yashi da shara sun toshe shi, tudun hanya ko na layin dogo ya zama madatsar da ba a gina ta don riƙe ruwa ba, kuma gidajen da ke ƙasa da ita su ne a bakin haɗari ko da suna nesa da rafin. Shaidar dattawan unguwa da tabon tsohon ruwa a jikin katanga su ke tabbatar da lissafin ko su ƙaryata shi.

Ƙasashe da dama, ciki har da Amurka, suna shata iyakar haɗari a kan abin da ake kira ambaliyar shekara ɗari. Sunan na ruɗar jama'a. Ma'anarsa ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku, ko da ta auku bara. Ga gidan da zai yi shekara 30 a wurin, yiwuwar ta kai kashi 26 cikin 100.

Shata layin ya fi lissafin wuya. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka a karkara, ta kuma tanadi diyya kan gine-gine idan an karɓe fili don amfanin jama'a. Ranar da aka ayyana unguwa a matsayin hanyar ruwa, darajar filayenta ta faɗi, kuma mafi yawan mazauna bakin rafi sun zauna ne saboda nan ne ƙarfinsu ya kai. Umarnin tashi ba tare da sabon fili da diyya ba kan ƙare da komawar mutane da zarar damina ta wuce.

Saboda haka aikin da ke gaban gwamnatocin jihohi a fili yake: a auna kowane rafin da ya ratsa gari, a kafa taswirar inda kowa zai gani a yaren da yake ji, a daina ba da takardar fili a cikin layin, a kuma yashe kwalbatoci kafin saukar ruwan farko. Garuruwa da yawa suna zaune a bakin rafin da yara ke wasa a cikinsa da rani, kuma ba wanda ya taɓa auna shi.